Yadda Toyota ta sa masu ƙera mata sassa suka daina ɓoye wa juna sirrin aiki

Da asubahin ranar Asabar, 1 ga Fabrairun 1997, gobara ta tashi a wata masana'antar kamfanin Aisin Seiki da ke garin Kariya a lardin Aichi na ƙasar Japan. Kafin hantsi, sashen da ake ƙera wani ɗan bawul na birki ya ƙone ƙurmus, shi da injinansa. Bawul ɗin bai fi kwalin sigari girma ba, kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba, amma shi ke daidaita ƙarfin birkin ƙafafun baya don kada mota ta zame. Kusan kowace motar Toyota na buƙatarsa, kuma kusan dukkansa daga wannan masana'anta guda yake fitowa. Toyota kuwa ba ta tara kaya a sito, tsarinta ke nan, don haka abin da ke hannu bai wuce na 'yan kwanaki ba. Ga lokacin ya zo a baibai: a watan Afrilu gwamnati za ta ɗaga harajin sayen kaya daga kashi 3 zuwa kashi 5, jama'a na rububin sayen mota kafin ƙarin.

Layukan haɗa motoci suka tsaya cik. Aka yi ta hasashen za a kwashe makonni. Amma kafin mako ya zagayo sun fara motsi, zuwa Litinin 10 ga wata aiki ya kusa komawa yadda yake. Kamfanoni sama da 200 ne suka sa hannu, kimanin 60 daga cikinsu suka kafa layin ƙera bawul ɗin a masana'antunsu, alhali yawancinsu ba su taɓa yin sa ba. Har da Brother, mai keken ɗinki. Aisin ta raba musu zanen bawul ɗin, kowa ya dubi injinan da yake da su ya ƙirƙiro yadda zai huda ƙarfen daidai awo, wanda ya gano dabara kuma ya sanar da sauran. Ba a tsaya rubuta kwangila ba, ba a yi cinikin farashi ba. Sai bayan ƙura ta lafa Aisin ta biya su abin da suka kashe, ita kuma Toyota ta ba manyan masu kawo mata sassa tukuici daidai da kashi 1 cikin 100 na cinikin da kowannensu ya yi da ita daga Janairu zuwa Maris.

Bayanin da aka fi yi wa wannan labari shi ne cewa haka Japanawa suke: biyayya, haɗin kai, kishin kamfani. Ban gamsu da shi ba. Da ɗabi'ar ƙasa ce kawai, da kowane kamfanin Japan ya samu irin wannan zumunci da masu kawo masa kaya, kuma da Toyota ba ta iya dasa shi a Amurka ba. Abin da aka gani a makon gobarar amfanin gona ne da aka shafe fiye da shekara 50 ana nomawa, kuma ƙarƙashinsa akwai ciniki mai sharuɗɗa. Kamfanonin nan sun iya aiki tare cikin kwana biyu ne domin injiniyoyinsu sun daɗe suna shiga masana'antun juna, sun san injinan juna, harshen aikinsu ɗaya ne, kuma sun tabbata wanda ya taimaka ba zai yi asara ba.

Tushen abin ya girmi shaharar Toyota. An kafa kamfanin a 1937, a 1939 masu ƙera masa sassa suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, wadda aka sake wa tsari a 1943 da sunan Kyohokai. Lokacin yaƙi ne, ƙarfe ya yi wuya, ma'aikata an kwashe su soja, damuwar farko ita ce yadda ƙananan masana'antu za su rayu. Maganar inganci daga baya ta shigo, kuma daga waje ta shigo.

A 1946 aka kafa ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin Japan, JUSE. Ita ta gayyaci Ba'amurken nan masanin ƙididdiga W. Edwards Deming ya koyar a 1950, Joseph Juran ya biyo baya a 1954. Ana yawan ba da labarin kamar baƙi biyu ne suka zo da asiri suka tayar da ƙasa. Alhali abin da suka koyar yana cikin littattafai a Amurka, kowa na iya karantawa. Abin da Japan ta ƙara shi ne hanyar yaɗawa. Shugaban JUSE, Ichiro Ishikawa, shi ne kuma shugaban Keidanren, babbar ƙungiyar masu masana'antu, don haka in ya kira taro shugabannin kamfanoni da kansu ke zuwa, ba wakilai ba. An kafa lambar yabo ta Deming a 1951, aka riƙa koyar da helumomin masana'antu ta rediyo, daga 1960 aka keɓe Nuwamba a matsayin watan inganci. A 1962 ɗansa Kaoru Ishikawa ya jagoranci kafa ƙananan da'irorin ma'aikata masu zama su warware matsalar sashensu, sannan a tara su a manyan taruka, leburan wannan kamfani ya tsaya gaban leburorin wancan ya nuna yadda suka rage ɓarna.

Toyota ba ta cikin na gaba-gaba a wannan tafiya. Sai da ta sha kunya. Motar Crown da ta fara sayarwa a Amurka a 1958 ta kasa jure gudun manyan titunan can, har kamfanin ya dakatar da kai ta. A gida ma ƙorafi ya yi yawa yayin da ake gaggawar ƙara yawan motoci. A 1961 ta rungumi tsarin kula da inganci a kowane sashe, a 1965 ta ci lambar Deming, shekara huɗu bayan Nippondenso, wato Denso na yau, wanda reshenta ne da ya ɓalle a 1949. A nan ne lissafi ya fito fili. Mota na da sassa wajen 30,000 in aka ƙirga har da noti, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na darajarta daga wasu kamfanoni Toyota ke sayowa. Ko da masana'antarta ta zama ba aibi, ingancin motar yana hannun wasu.

To yaya za ka sa kamfanonin da ba naka ba su koyi abin da ka sani, su kuma koya wa juna? Nan ne gizo ke saƙar. Ilimin inganci iri biyu ne. Akwai wanda ake rubutawa: ƙa'idar awo, jadawalin bincike, hukuncin kayan da suka gaza. Wannan takarda na iya ɗaukarsa, taron bita ma na iya isar da shi. Akwai kuma wanda ke hannun mai aiki: yadda za a jera injina mutum ɗaya ya kula da uku ba tare da ya galabaita ba, yadda za a sauya ƙarfen buga siffa cikin mintuna maimakon sa'o'i, yadda za a gane daga ƙarar inji cewa awo ya fara kaucewa. Wannan ba ya tafiya sai mutum ya tsaya kusa da injin, kwana da kwanaki, tare da wanda ya iya. Kuma shi ne mai tsada, shi ne kowa ke ɓoyewa. Wanda ya nuna dabararsa yana tsoron abu biyu: abokin hamayya ya kwashe ya tafi bai bar komai ba, ko kuma mai sayen kayansa ya ce tunda ka rage kashe kuɗi, sai ka rage mini farashi.

Kyohokai ta ɗauki nau'in farko. Taruka a kai a kai, kwamitocin inganci da na tsadar aiki da na kiyaye haɗari, kwasa-kwasai, ziyarar masana'antun da suka yi fice. Amfaninta na haƙiƙa, a ganina, sabo ne: shugabanni da injiniyoyi su san fuskar juna, su san wa ake kira in abu ya ɓaci. Nau'i na biyu kuwa wani sashe na musamman ya ɗauke shi, wanda Taiichi Ohno, uban tsarin ƙere-ƙeren Toyota, ya assasa wajen ƙarshen shekarun 1960. Gogaggun injiniyoyi ne da ake turawa masana'antar mai kawo sassa su zauna makonni ko watanni, kyauta.

Sai dai 'yan injiniyoyi ƙalilan ba za su zagaye kowa ba, kuma in ilimi daga sama kawai yake gangarowa, iyakarsa abin da Toyota ta sani. A tsakiyar shekarun 1970 aka fito da abin da ake kira jishuken, wato rukunan koyon aiki na sa-kai. Aka ɗauki manyan masu kawo sassa, wajen 50 zuwa 60, aka kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni kamfanoni biyar zuwa takwas. Ana duba kusancin gari da kamancin aiki, masu walda ko fenti ko bugun ƙarfe, amma ba a haɗa waɗanda ke takara kai tsaye a kan sashe ɗaya. Rukuni ya zaɓi batun shekara, sannan a riƙa zagayawa: wannan karon duk a tattaru a masana'antar wane, a shafe watanni ana zuwa, a auna, a gwada, a sauya jerin injina, a ga sakamako, sai a koma ta gaba. Ƙarshen shekara dukkan rukunai su hallara kowa ya baje abin da ya gano. Bayan kimanin shekara uku a wargaza rukunan a sake kasawa, don kada sabo ya zama rufa-rufa kuma don dabaru su ƙetare daga wannan rukuni zuwa wancan.

Aikin gayya ke nan, yau gonarka gobe tawa, sai dai a wannan gayyar ba tuwo mai gona ke tanada ba, haƙuri yake tanada. Baƙi sun zo ne su tono inda kake ɓarna a gaban ma'aikatanka, kuma almajiran Ohno sun yi suna wajen tsanani.

Abin da ya riƙe wannan gini sharuɗɗa ne da kowa ya sani ko da ba a rataye su a bango ba. Toyota ce ta fara buɗe ƙofarta, duk ɗan ƙungiya na iya zuwa ya ga yadda take aiki. Wanda ya karɓi taimakonta kyauta kuwa ya amince ke nan cewa tasa ƙofar a buɗe take ga sauran. Dabarar sarrafa aiki ba mallakar kowa ba ce a cikin ƙungiya, ko da yake fasahar ƙirar kaya, wadda da ita kamfani ke cin kwangila, tana nan a matsayin sirrinsa. Wanda ya ci na wasu ya hana nasa, ba sai an kai shi kotu ba, zai gani a odar da za a ba shi baɗi. Sannan ribar gyara ba a ƙwace ta nan take. Mai kawo sassa na morar abin da ya tsimi na wani lokaci kafin ya bayyana a farashi. A kan wannan sharaɗi na ƙarshe komai ya dogara, domin shi ke sa faɗin gaskiya ya zama riba maimakon wauta.

Gwajin wannan magana ya faru a jihar Kentucky. Toyota ta fara fitar da motoci daga masana'antarta ta Georgetown a 1988, ta tarar da masu kawo sassa Amurkawa waɗanda suka saba ɗaukar mai saye a matsayin abokin gaba. Ba ta fara da jishuken ba, don ba wanda zai yarda. Ta bi matakan da ta bi a gida, da sauri. A 1989 ta kafa wa masu kawo mata sassa ƙungiyar BAMA don a saba da juna. A 1992 ta buɗe cibiyar tallafa wa masu kawo sassa, TSSC, ƙarƙashin Hajime Ohba, mai aiki kyauta da sharaɗin a bar wasu su zo su ga abin da aka gyara. Sai da aminci ya zauna kafin a kafa rukunan zagaye. Masu bincike Jeffrey Dyer da Nile Hatch sun duba kamfanonin Amurka da ke ƙera wa Toyota sassa kuma suke ƙera wa manyan kamfanonin motocin Amurka a masana'anta ɗaya. Tsakanin 1990 da 1996, kayan da suka gaza sun ragu da kashi 50 cikin 100 a layin Toyota, amma kashi 26 kawai a layin babban mai sayensu Ba'amurke. Ginin ɗaya, ma'aikatan 'yan gari ɗaya, shugabanni ɗaya.

Wannan ya amsa tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: in ka koya wa mai kawo maka kaya, ba ka koya wa abokin hamayyarka ba, tunda shi ma a can yake saye? Wani abu yana zuba, babu shakka, kuma Toyota ta yarda da hakan. Amma mafi yawan dabarun ba sa aiki sai mai saye ya gyara nasa halin. In odarsa na hawa da sauka ba tsari, in motarsa na zuwa kwasar kaya jefi-jefi da manyan akwatuna, dole mai ƙera ya tara kaya, tarin kaya kuwa shi ke ɓoye aibi har a yi dubbai kafin a lura.

A daidai shekarar da aka buɗe TSSC, General Motors, babban kamfanin motocin Amurka, ta ɗora José Ignacio López a kan sayen kaya. Shi ma ya tura tawagogi masana'antu su nuna inda ake ɓarna, amma na 'yan kwanaki, kuma abin da aka tsimi a farashi ake cire shi. Ya sake buɗe kwangilolin da aka riga aka ƙulla, masu kawo sassa suka yi ta kukan cewa ana nuna zanensu ga masu takara da su don a samu araha. An tsimi kuɗi masu yawa cikin ɗan lokaci, shi kuma ya koma Volkswagen a 1993. Darasin da masu kawo sassa suka ɗauka shi ne su ɓoye mafi kyawun dabararsu. Kayan aikin kusan iri ɗaya ne da na Toyota. Cinikin ne daban.

Shi ya sa nake da ja kan yadda ake shigo da wannan ilimi Afirka. Firaministan Habasha Meles Zenawi ya nemi taimakon Japan a 2008, hukumar tallafin raya ƙasashe ta Japan, JICA, ta fara gwaji da wasu kamfanoni a 2009, aka kafa cibiyar kaizen, wato salon Japan na gyara aiki kaɗan-kaɗan a kullum, ta ƙasar a 2011, a 2017 kuma JICA da NEPAD, hukumar raya ƙasa ta Tarayyar Afirka, suka ƙaddamar da shirin yaɗa shi a nahiyar. Abu ne mai kyau, kuma masana'antar da ta koyi tsabtace wuri da jera kayan aiki da auna ɓarnarta ta ƙaru. Amma abin da jirgi ke iya ɗaukowa shi ne malami da allo. Babban mai saye wanda zai zauna da kai shekara goma, ya biya kuɗin koyarwa, ya hukunta mai cin bulus, ba ya zuwa a cikin kwas. Haka ma takardar shaidar ISO 9001, wadda ta fara fitowa a 1987: tana tabbatar da cewa kana da tsari a rubuce, ba ta kawo maka wanda ya fi ka iyawa ya tsaya bakin injinka. Mun ga farashin rashin irin wannan mahaɗa a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka riƙa samu a ciki. Ba a tambayi wane sito ne ya zuba wane bai zuba ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, hukuncin ya hau kan mai kiyayewa da marar kiyayewa. Inda mai fitar da kaya ke saye yau a hannun wannan gobe a hannun wancan, gwargwadon wanda ya fi araha, babu wanda ke da dalilin koya wa wani adana hatsi ba guba.

Kada a ɗauka dai ƙungiyar Toyota gidan sarauta ce ta masu adalci. Ribar gyara ana barin ta na wani lokaci ne, ba har abada ba. Al'adar kamfanin ce ya nemi ragin farashi sau biyu a shekara, kuma a shekarar 2000 ya ƙaddamar da shirin rage kuɗin manyan sassa da kusan kashi 30 cikin 100. Taimakon kyauta da matsin farashi hannu biyu ne na mutum ɗaya: ga tsani, amma ruwa na tasowa. 'Yan Kyohokai kamfanoni ne 200 da 'yan kai, alhali ƙarƙashinsu akwai dubun-dubatar ƙananan masana'antu, wasu na iyali ne masu ma'aikata goma, waɗanda matsin ke gangarowa kansu ba tare da injiniyan kyauta ya biyo shi ba. Tun a 1977 maganar ta kai zauren majalisar dokokin Japan, inda aka zargi tsarin kawo kaya daidai lokaci da jibga wa ƙananan 'yan kwangila nauyin sito da zirga-zirga.

Zumunci kuma yakan ruɓe. Nissan na da nata ƙungiyoyin masu kawo sassa, amma a can dangantakar ta zama ta hannun jari da kujerun tsofaffin manajoji fiye da ta koyo. Da aka kawo Carlos Ghosn ya farfaɗo da Nissan a 1999 ya tarar da kamfani cikin bashi, sai ya sanar da rage yawan masu kawo sassa da kusan rabi, da rage kuɗin saye da kashi 20 cikin 100 a shekara uku, ya sayar da mafi yawan hannayen jarin. Ana iya sukar salonsa, amma abin da ya rusa ba irin na Toyota ba ne. Akwai kuma mafi muni. Daga 2010 hukumomi a Amurka da Turai da Japan suka bankaɗo haɗin bakin tsayar da farashi tsakanin masu ƙera sassan mota, mafi yawansu Japanawa. A farkon 2012 Yazaki, mai wayarin mota, ta amince da tarar dala miliyan 470 a Amurka, Denso kuma dala miliyan 78, kuma Toyota na cikin waɗanda aka cuta. Ba na cewa a zaman jishuken aka ƙulla wannan, hasali ma raba masu takara da juna da ake yi a rukunan kariya ce daga irinsa. Sai dai masana'antar da kowa ya san kowa tsawon shekaru tana sauƙaƙa kiran waya iri biyu.

Rauni mafi zurfi, a nawa ganin, yana wani wuri. Wannan mahaɗa ta ƙware wajen ɗaukar amsar tambayar "yaya ake yi?" daga masana'anta zuwa masana'anta. Ba ta ƙware ba wajen ɗaukar kalmar "ba zai yiwu ba" daga ƙasa zuwa sama. A bakin layin haɗa mota akwai igiyar andon, wadda kowane lebura ke da izinin ja in ya ga matsala, layi ya tsaya in ta kama, kuma ba a zarginsa. Babu irin wannan igiya tsakanin ƙaramin kamfani da babban mai sayensa, ko tsakanin injiniyan gwaji da waɗanda suka riga suka tsayar da ranar fitar da mota kasuwa. A rikicin totur na 2009 zuwa 2010, lokacin da aka janye miliyoyin motoci, Akio Toyoda, shugaban Toyota, ya shaida wa majalisar Amurka ranar 24 ga Fabrairun 2010 cewa kamfanin ya girma da saurin da ya fi ƙarfin horar da mutanensa. A 2014 Toyota ta biya dala biliyan 1.2 a Amurka, ba don sashe ya lalace ba, sai don ta ɓoye abin da ta sani.

Bayan shekaru abin ya dawo ta cikin dangi. A 2022 Hino, mai manyan motoci, wadda a lokacin reshen Toyota ce, ta amsa cewa ta yi ta murguɗa alƙaluman hayaƙin inji tun aƙalla 2003. A Afrilun 2023, bayan wani na ciki ya tona, Daihatsu, wadda Toyota ta mallake gaba ɗaya tun 2016, ta amsa cewa an yi wa ƙofofin motocin gwaji wani gyara na musamman don su ci jarrabawar karo ta gefe. Kwamitin bincike mai zaman kansa ya ba da rahoto ranar 20 ga Disamba: an samu ƙarin maguɗi 174, abin ya shafi nau'o'in mota 64, mafi daɗewa tun 1989, amma ya yawaita ne daga 2014. Dalilin da kwamitin ya bayar shi ne jadawalin ƙera sabuwar mota da aka matse har babu wurin faɗuwa jarrabawa. Gwajin karo yana zuwa ne a ƙarshen hanya, ranar fara sayarwa an riga an tsayar da ita, wanda ke riƙe da sakamakon kuwa ya san in ya kai kuka sama za a ce masa ya san yadda zai yi. Daihatsu ta rufe dukkan masana'antunta huɗu na Japan fiye da wata guda, ɗaruruwan masu kawo mata sassa, waɗanda ba su da hannu a komai, suka zauna jiran diyya.

Waɗannan kamfanoni ba jahilan inganci ba ne. Sun halarci tarukan, sun karɓi baƙin, sun san kowace dabara. A Janairun 2024 Toyota Industries, wato gidan da Toyota kanta ta fito daga cikinsa a 1937, ta amsa maguɗi a gwajin injinan dizal, Akio Toyoda ya fito ya ba da haƙuri a madadin dangin duka. A Fabrairu Daihatsu ta miƙa wa gwamnati matakan gyara, cikinsu har da tsawaita lokacin ƙera sabuwar mota da kimanin kashi 40 cikin 100, aka kuma turo mata sabon shugaba daga Toyota. Ranar 3 ga Yuni sai ga Toyota da kanta ta amsa cewa an saɓa ƙa'ida a gwaje-gwajen neman izinin nau'o'in mota bakwai, washegari jami'an ma'aikatar sufuri suka shiga hedikwatarta da bincike.